Kyamarar Japan, Idon Jamus, Zoben Kura

Talata: gida zuwa Kano

Na bar gida ƙarfe shida saura kwata, ana idar da sallar asuba, ranar wata Talata cikin Fabrairun 1985. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Bunkure, ina kuma taɓa noman tumatir, kuma ribar tumatirin shekara biyu ce na sa aka ɗinke mini a aljihun ciki don in je Kano in sayi kyamara. Ɗaukar hoto ba sana'ata ba ce, sha'awa ce da ta daɗe tana cina, amma abin da ya tayar da ni a wannan makon daban ne. Mahaifina ya ce ranar Alhamis, in an sako wa sashenmu ruwa, zai yi wa alkamarsa ban-ruwan ƙarshe, daga nan ya miƙa gonar ga yayana Musa, wai gwiwoyinsa sun gaji. Baba ya haura saba'in, ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba ko sau ɗaya. Wata guda na yi ina lallashi kafin ya yarda, shi ma da sharaɗi.

"Ba zan ƙame maka kamar soja ba," in ji shi. "Ka tsaya can bakin kanal ka yi abinka, ni ina aikina. Kada ka tako mini fangali."

Daga bakin kanal zuwa inda yake aiki ya kai taku tamanin. Ke nan ba kyamara kaɗai nake nema ba, har da dogon ido, wato gilashin nan mai kama da 'yar taɓarya da ke jawo abin nesa kusa.

A-kori-kura na samu, ta lodin tumatir, na zauna a kan kwando ina jin sanyi yana ratsa ni har Karfi, sule biyar. Bakwai saura minti goma na shiga kiya-kiya mai zuwa Kano, naira ɗaya. A gadar Tamburawa masu kaki suka sauke mu duka, muka ja layi, aka buɗe kowane buhu. Direbanmu ya yi ta tsaki ƙasa-ƙasa, da an kalle shi kuma sai ya washe baki. Tafiyar da ba ta kai mil ashirin ba, sai tara da kwata muka sauka.

A Fagge na iske Yaya Ado, ɗan wan babana, ma'aikacin masaƙa ne kuma mayen kyamara. Tun kafin in gama shayin da ya ba ni ya fara wa'azi: kyamarar duniya ita ce ta Jamus, duk wata ta Japan kayan wasan yara ce, roba ce aka shafa wa baƙin fenti. Haka ya yi ta yi har muka isa Sabon Gari.

Mai shagon ya ajiye mana guda biyu a kan kanta, duka na hannu ne. Ta Jamus ɗin nauyi gare ta kamar dutsen guga, in ka latsa sai ta yi ƙara kamar an rufe akwatin ƙarfe. Ta Japan kuwa sakayau, da wata allura a ciki mai nuna maka ko haske ya isa. Mai shago yana yabon ta Japan, don ta fi tsada. Yaya Ado yana yabon ta Jamus, don irinta ce tasa. Sun fi awa guda suna musu a kaina, ba wanda ya tambaye ni me zan ɗauka da ita. Da na yi tambaya a kan allurar, Yaya Ado ya dubi mai shago yana dariya.

"Ka gan shi nan, mutumin Bunkure ne. Ba shi mai ƙarfe, ko ta faɗa cikin laka a wanke."

Wannan maganar ce ta sayar da kyamarar Japan, ba allura ba. Na ji zuciyata ta tafasa, na ce ita nake so. Da na tambayi kuɗin dogon idonta, sai na ji ya fi na kyamarar kanta. Yaya Ado ya ɗaga kafaɗa ya ce yana da dogon ido a gida, zai ara mini. Jin haka na ce a cire gajeren idon da ke jikinta a rage mini naira sittin, me zan yi da gajere? Mai shago ya cire ya mayar cikin kantarsa da sauri. Ya san abin da zai faru, wallahi ya sani. Na biya ɗari uku da ashirin, na sayi fim baƙi da fari guda ɗaya mai ɗaukar talatin da shida, muka fito.

Bayan la'asar, a ɗakin Yaya Ado, na ɗauko idonsa zan saka. Ya ƙi shiga. Idon Jamus murɗa shi ake yi kamar noti, bakin ta Japan kuwa maƙalawa ake yi a ɗan juya ya ce ƙas. Na juya hagu, na juya dama, gumi ya keto mini. Yaya Ado yana kishingiɗe yana yanke farce.

"Ai na gaya maka ka ɗauki ta Jamus," in ji shi.

Ya faɗa ɗin, amma bai taɓa ce mini bakinsu ba ɗaya ba ne. Na koma Sabon Gari a guje, na tarar mai shago yana shirin rufewa. Ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa, gajeren idon kuma in ina so yanzu naira tamanin ne. Na faɗa masa abin da ba zan rubuta a nan ba. Tuwon da aka kawo mana a Fagge da magariba ko loma uku ban yi ba.

Laraba: Kano zuwa Kura

A mota ne dabarar ta zo mini, kuma na yi ta yaba wa kaina har Kura. Mu mutanen kanal, yaushe muka taɓa barin abu don bakinsa bai zo daidai ba? Injin ban-ruwa mai inci uku, tiyo mai inci biyu, sai a je wajen Malam Iro ya sassaƙa zoben da zai haɗa su. Malam Iro yana da injin sassaƙa ƙarfe a bayan kasuwar Kura, kuma duk yankinmu babu famfon da bai ratsa hannunsa ba. Na tashi daga Kano takwas daidai, ban sami shinge ba, goma saura na tsaya a rumfarsa.

Ya goge hannu a tsumma, ya juya kyamarar, ya juya idon, ya auna da ma'auninsa. Ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne, da ma injiniyoyin Turawa da gangan suke bambanta baki don su cuci talaka. Na ji daɗin maganar ƙwarai, domin ta yi daidai da abin da ke raina. Ya nemo guntun tagulla daga wani tsohon famfo ya hau aiki. Na sayi rogo da ƙuli na sule biyu na zauna a kan wata taya ina kallo. Ƙarfe biyu da rabi ya gama: zobe mai kaurin ɗan ƙaramin yatsa, gefe guda na murɗawa, gefe guda na maƙalawa. Ido ya zauna daram. Malam Iro ya kafa baki a mahaɗin ya hura da ƙarfi, yadda yake gwada tiyo.

"Ba ya yoyo, Tica. Naira biyar."

Na leƙa ta 'yar tagar kyamara na saita butar da ke ƙofar rumfa, taku goma daga inda nake. Ta fito tas, har tsagar da ke marfinta. Na juya na saita wani rimi da ke can bayan kasuwa, na murɗa idon har ya kai ƙarshe, amma rimin ya ƙi washewa, dishi-dishi kawai. Na faɗa wa Malam Iro. Ko leƙawa bai yi ba.

"Sabon haɗi ne. In ya ɗan yi aiki zai saki."

Kuma na yarda. Ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina koyar da lissafi da kimiyya, na yarda cewa gilashi zai saki kamar sabon fistan, don tun ina yaro haka nake jin ana faɗa a kan kowane inji. Na hau a-kori-kura zuwa Karfi, na canza wata, na isa gida ana kiran magariba.

Alhamis: bakin kanal

Ruwa ya iso ƙaramar magudanarmu bakwai da minti ashirin. Baba ya riga kowa zuwa. Ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya ɗauki lanƙwasasshen fayif ɗin da muke jawo ruwa da shi, ya nutsa shi, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya wurga shi a kan kunya, ruwa ya kama gudu. Haka ya bi sauran fayif ɗin ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya yi masa gardama. Alkama ta yi kai, balbelu suna bin ruwan. Ban taɓa ganin abin da ya fi wannan kyau ba.

Na leƙa ta taga, dishi-dishin nan yana nan. Na latsa biyar don ya saki. Na latsa goma. Sau ɗaya na sauko na nufi gonar, Baba ya ji motsina, ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwayo ba, na koma inda aka ajiye ni. Kafin sha ɗaya fim ya ƙare. Baba ya wanke ƙafafunsa a magudana, ya tattara fayif ɗin ya miƙa wa Yaya Musa, ya kama hanyar gida.

Asabar: Kano, da dawowa

Na sake fita bayan asuba, Karfi bakwai, Kano takwas da rabi. Na kai fim wani ɗakin wankin hoto a Fagge, aka ce in dawo ƙarfe biyu. Ban je wajen Yaya Ado ba. Na zauna a masallaci har lokaci ya yi.

Mai wankin, wani dattijo mai tabarau, ya zube mini hotunan a kan tebur yana kallona da tausayi. Talatin da shida, babu ko ɗaya da za ka gane mutum a ciki. Fari-fari a sama, toka-toka a ƙasa, wani dogon tabo a tsakiya wanda ni kaɗai na san Baba ne. Abin da ya fito sarai guda ɗaya ne, wata ciyawa da ke gabana a bakin kanal, ita kam har raɓar da ke jikinta ana gani. Dattijon ya karɓi kyamarar, ya ga zoben tagulla, ya tambayi wanda ya yi mini wannan ɗanyen aiki. Ya bayyana mini cewa tazarar da ke tsakanin ido da fim aunanniya ce, ko kaurin farce aka ƙara, ido ba zai ƙara ganin nesa ba. Zoben Malam Iro ya tura idon gaba, duk abin da ya wuce taku goma sha biyar ya tafi. Da ta Jamus ɗin na saya, in ji shi, da murɗawa kawai zan yi.

Na hau motar komawa gida. Na zagi mai shago a raina, na zagi Yaya Ado da bakinsa, na zagi Malam Iro da hure-hurensa, na haɗa da Japan da Jamus da ba su iya zama su yi baki ɗaya ba. Muna wuce Tamburawa zagin ya ƙare a kaina, domin ni ne na bar zuciya ta zaɓa mini kyamara. Ban-ruwan nan ba za a sake shi ba. Kwandasta ya tambaye ni ko lafiya, na ce ya kula da aikinsa.

Biyar da kwata na shiga gida. Baba yana zaure a kan buzu, Yaya Musa yana gefensa. Na so in wuce, ya ji takuna ya kira ni, ya ce ina hoton. Kunya ta rufe ni. Na zaro wanda ya fi dama-dama na miƙa masa, ina shirin ba da haƙuri. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya daɗe yana dubawa.

"Ma sha Allah. Ya fito tas," in ji shi. "Ga ni nan, har hulata."

Ya ɗora yatsa a gefen takardar, a kan farin da babu komai a cikinsa. Na ɗauka zolayata yake yi, na dubi fuskarsa, na ga da gaske yake murna. Na dubi Yaya Musa, ya sunkuyar da kai. Da muka fito waje ya gaya mini: noman rani biyu ke nan Baba da ƙirgen taku yake zuwa gona, da lalube yake kama fayif, ya kuma hana a faɗa wa kowa. Gwiwoyinsa lafiyarsu lau. Ni da ke zaune gida ɗaya da shi, na tafi har Kano sau biyu neman abin da zai nuna mini shi daga taku tamanin.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa dattijon nan mai wankin hoto da ya gaya mini gaskiya bai karɓi ko kwabo a kanta ba. Sauran waɗanda na ambata, su yi haƙuri, ba ni da godiyar da zan ba su. Ranar Litinin na roƙi hedimasta hutun kwana biyu, na ɗauki Baba muka nufi asibitin ido.