Cigiyar Inna a Titunan Paris

Inna ba ta taɓa faɗin sunan Yaya ba. Ɗan fari ne, ita kuwa mutuniyar Damagaram ce ta ainihi, irin waɗanda ko wuƙa aka ɗora musu a wuya ba za su kira sunan ɗan fari ba, ba za su haɗa ido da shi ba, balle a ji suna nuna sonsa a gaban mutane. "Mutumin naku" take ce masa, sai ka ce wani baƙo ne da muka kwaso mata.

Ni ban san shi ba. Ni ce auta, sai bayan Faransawa sun ɗebe shi soja a zamanin babban yaƙi aka haife ni. Da yaƙi ya ƙare wasu suka dawo, shi shiru. Wani da suka tafi tare ya ce ya baro shi da ransa a ƙasar Faransa, yana dako a wata tashar jirgin ƙasa. Iyakar abin da aka sani ke nan. Da wannan guntun labari iyayena suka taso hajji ta ƙasa ina goye, suka ratsa Chadi da Sudan suna yada zango suna aikin gona, har suka ƙetare teku. Baba bai daɗe ba bayan ya sauke farali Allah ya karɓi abinsa. Mu kuma muka zauna a Jidda, a unguwar Mahjar, Inna tana soya gyaɗa tana sayarwa a bakin titi.

Duk shekara, da jiragen alhazai sun fara sauka, sai ta ɗauko mayafinta mai kyau ta ja hannuna zuwa masaukinsu na bakin tashar jirgin ruwa, mu je cigiya. Mu nemo mutanen Nijar, ta gaishe su, ta tambayi hanya, ta tambayi damina, ta tambayi mutanen da suka baro. In an zo kan abin da ya kawo mu sai ta zungure ni da gwiwar hannu. Ni ce bakinta. Ni zan faɗi sunan Yaya da na Baba da unguwarmu da irin askar da ke fuskarsa, ita tana kallon wani gefe kamar mai jiran a gama wata magana da ba ta shafe ta ba. Alhazan kuwa a gajiye suke, hankalinsu yana kan kayansu. Su ce Allah ya bayyana shi, su wuce. A hanyar gida takan yi mita, ba don ba su san shi ba, sai don ba wanda ya zauna ya ji maganar har ƙarshe.

Haka muka yi ta yi har na yi aure. Maigidana direban babbar mota ne a tashar jirgin ruwa, kuma da yake Inna ba ta da kowa sai ni, ya ba ta ɗaki a tsakar gidanmu. Shi ya fara shigo da talabijin layinmu, tsohuwa ce da wani Bature mai barin gari ya bar masa, baƙi da fari, sai an mare ta a gefe take nutsuwa. Da yake Inna ba za ta zauna ɗaki ɗaya da surukinta ba, ya ɗora ta a kan akwatin ƙarfe a bakin ƙofa tana fuskantar tsakar gida, shi ya riƙa kallo daga ciki a karkace. Inna ko godiya. Cewa ta yi ba ruwanta da mutanen da ke shigo wa mutum gida ba sallama.

Wata rana bayan magariba ta zo wucewa da buta, sai ta tsaya cak. A cikin akwatin talabijin ɗin wani ɗan sanda ne tsaye a bakin titi, da hula mai shafaffen kai da baki a gaba.

"Wannan ai hular kumandan Faransawa ce," in ji ta. "Auta, wane gari ne wannan?"

Na ce mata Paris ne, babban birnin Faransa. Ta ajiye butar, ta jawo tabarma, ta zauna.

Shirin mako-mako ake yin sa, an ce daga littattafai aka ɗauko shi. Wani jibgegen ɗan sandan ciki ne, ba ya gudu, ba ya harbi, kullum da lofen taba a bakinsa, don haka muka sa masa Mai Lofe. Za a kashe wani ko wani ya ɓace, shi kuma ya bi gida-gida yana tambaya har gaskiya ta fito. Maganarsu ba wanda ke ji a cikinmu, sai rubutun Larabci da ke bi ta ƙasa. Ni ce mai karantawa in juya da Hausa, kuma rubutun ya fi ni sauri. Inda ya tsere mini sai in cike da nawa. Maigida ya leƙo ya ce ba haka aka ce ba, in ce masa, "Yalla, fito ka karanta mana," ya koma ciki yana dariya. Wani lokaci ma a ga mutum ya ɗaga kofi zai sha, kafin ƙiftawar ido ga shi a titi, masu tace shirin sun yanke wurin shan giyar. Nan ma ni ake kallo in faɗi abin da ya faru.

Ba a jima ba matan layin suka gano mu, tsakar gida ta riƙa cika. Kowacce da abin da ke jan ta. Wata maƙwabciyarmu 'yar Hausawan Sudan ruwan saman ne ke tsaya mata a rai. Mu da sai mai jaki ya kawo mana ruwa a tanki, ga gari ana ta tsuga shi a kan titi, ba mai fitowa da ko kwano ya tara. Ni kuwa fitilun da ke haskawa a jiƙaƙƙen titi nake so, da matakalan benen nan masu duhu, da yadda komai ke tafiya a hankali. Har yau in na tuna sai in ji sanyin garin da ban taɓa takawa ba, alhali a lokacin gumi ne ke bin bayana.

Inna ita Mai Lofe take girmamawa. Ta ce wannan mutum ya iya cigiya. In ya shiga gida sai ya cire hula, ya nemi kujera a wajen murhu, ya bar tsohuwa ta faɗi maganarta tun daga farko, ba ya duba agogo. Ko wanda ya yi laifin ba ya daka masa tsawa. Har ta taɓa tambayata, a kaikaice, ko irin wannan yana da wurin da ake aika masa da saƙo. Abin ya ba ni haushi ya kuma ba ni tausayi, na ce mata duk wasan kwaikwayo ne, ba wani Mai Lofe a duniya. Ta ce ita ba yarinya ba ce, ta sani.

"Na gaba wasa suke yi. Waɗancan masu wucewa ta baya fa, su ma wasa suke?"

Maigida ya amsa daga ciki, da ladabi, cewa shi dai a saninsa titunan na gaske ne, masu wucewa ma mutanen gari ne kawai. Ban taɓa jin haushin gaskiyarsa irin na ranar ba. Tun daga nan Inna ta daina bin labarin. Mu muna gardamar wanda ya yi kisa, ita idonta yana can baya, kan masu sayar da jarida da masu shara da masu tsallaka titi.

Ranar da abin ya faru, labarin wata mata ce da mijinta ya fita aiki bai dawo ba. Bincike ya kai Mai Lofe tashar jirgin ƙasa. Yana tsaye yana magana da wani ma'aikaci, sai ga wani baƙin mutum ya turo amalanke cike da akwatuna ta bayansu. Ya ɗan waiwayo, ya wuce. Duka-duka bai fi kurɓin ruwa ba. Na juyo in ga ko Inna ta lura, sai na tarar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa akwatin baya tana fuskantar bango. Matan nan masu surutu duk suka yi tsit, don kowacce ta san wanda uwa ke rufe wa fuska haka.

Sai washegari, muna tsince gyaɗa, ta ɗauko maganar. Ta ce tafiyar Baba ce, kafaɗar hagu a karkace. Na ce mata baƙaƙen fata suna da yawa a Faransa, Inna. Ta ce ba ta tambaye ni ba.

A wancan zamani abin da ya wuce a talabijin ya wuce, ba mai dawo maka da shi. Amma maigida ya ce in sabbin shirye-shirye sun ƙare musu sukan maimaita tsofaffi. Sai muka shiga jira. Hajji ya zo, Inna ba ta ɗauko mayafinta mai kyau ba, ta ce bana ƙafarta na ciwo. Ni kuwa tsoro ne ya cika ni. Ina son a maimaita don ta sake ganinsa, ina kuma tsoron a maimaita ta duba da kyau ta ga ba shi ba ne.

Sai da zafi ya kai zafi aka fara maimaitawa. Wani maraice na ga matar nan da mijinta ya ɓace tana buɗe ƙofa. Na ce, "Inna, shi ne." Ta dubi akwatin, ta miƙe a hankali, ta naɗe tabarmarta, ta nufi bayan tankin ruwa inda ba a hango komai.

"Ki kalla mini," in ji ta. "Idonki ya fi nawa."

Na durƙusa gaban talabijin har numfashina yana taɓa gilashin. Na bar fassara, ba kuma wadda ta nema. Aka zo tasha, amalanken ya shigo. Na zuba wa fuskar nan ido iya ƙarfina, ina neman askar gidanmu, ina neman hancin Baba, ina neman wani abu nawa. Hoton yana rawa, fuskar ba ta fi kan ɗan yatsa ba. Ya waiwayo, ya wuce. Wallahi ban iya cewa shi ne ba, ban iya cewa ba shi ba ne.

Na same ta zaune a bayan tanki da carbi a hannu, ba ta ja. Na riga na shirya abin da zan faɗa in ta tambaye ni fuska ko kafaɗa. Ba ta tambayi ko ɗaya ba.

"Da takalmi a ƙafarsa?"

Ba ta jira amsata ba. Ta ci gaba, idonta a ƙasa.

"Ranar da aka jera su a ƙofar bariki, daga gona aka kamo shi, ba takalmi. Na biyo shi da nasa a hannu. Mutane sun cika wurin, surukaina duk suna tsaye. Na kasa miƙa masa. Da su na koma gida."

Na ce mata gaskiya, ban kalli ƙafar ba, fuska na tsaya nema. Can ta gyaɗa kai ta ce, "To, halas, shi ke nan," ta ɗauki buta don an fara kiran lisha.

Ba su ƙara maimaita shirin ba, Inna kuma ta rasu 'yan shekaru bayan haka. Yanzu jikokina sun tono mini irin waɗannan tsofaffin shirye-shirye a waya, wasu da Mai Lofen da na sani, wasu da wani daban, amma har yau ban ci karo da wannan tashar ba. Suna tsokanata wai in kwana ina kallo in aka tambaye ni wanda ya yi kisan ban sani ba. Gaskiyarsu ce, ban sani ba. Da an fito titi, ƙasa nake kai idona, ina bin ƙafafun masu wucewa.