Wuƙar Malam Abdussamadu

Baba Tamba mutumin Zuru ne, tsohon direba, kuma shi ne dattijon cocinmu a unguwar Badariya tun muna sujada a rumfar kwano. Wa'azi kam bai iya ba, sai ya yi ta "to, to" har mata su fara gyangyaɗi. Abu guda ya iya: duk Kirsimeti yakan kira maƙwabcinsa Malam Abdussamadu ya yanka bijimin coci, don Musulmin unguwa su ci namanmu hankali kwance. Shekara ashirin da biyu ana haka.

Sai aka kawo mana sabon fasto, matashi mai kwat da digiri biyu. Ya ce wannan raunin bangaskiya ne, bana hannun Kirista zai yanka, in Baba ya ƙi ya sauka daga kujerar dattijo. Kai, jama'a! Sau huɗu kwamiti ya zauna a kan wuƙa ɗaya. Ibo suka ce nasu zai yanka, Yarbawa suka ce ai su suka kawo ganguna, Dakarkari suka ce su suka kafa cocin. Ba wanda ya tambayi wa zai ci.

Baba kuwa yana son kujerar nan, ba zan ɓoye ba. Ko ta'aziyya ya je sai ya faɗi muƙaminsa. Ana gobe Kirsimeti ya yi sammako zuwa Argungu, ya dawo da kwanduna shaƙe da giwan ruwa da tarwaɗa.

"Fasto," in ji shi, "kifi wa ka yanka shi?"

Dole Fasto ya yarda bana a ci kifi maimakon bijimi. Muka yi ta dariya muna yi wa Baba kirari: kujera ta tsira, unguwa kuma za ta ci.

Ranar Kirsimeti da hantsi, mata na suya, sai ga Malam Abdussamadu da wuƙarsa naɗe a tsumma, ta sha washi. Ashe ba wanda ya tuna ya gaya masa. Ya dubi turke ba bijimi, ya dubi Baba.

"Tamba, wani laifi na yi maka?"

Baba ya rasa ko "to" ɗin nan nasa. Malam ya karɓi kwanon kifinsa, ya yi godiya, ya juya da wuƙar a hammata. Allah ya sani na ji kunya ranar, don da ni aka yi dariyar.

Baba na nan kan kujerarsa har yau. Da Sallah Malam ya aiko masa da cinyar rago kamar kullum, amma bai kawo da kansa ba.