Hanyar da Na Tsara wa Yaya

Wasiƙar Yaya ta riga ni isowa Bebeji da kwana biyu. Da na dawo daga Doguwa a kan teburina na same ta a makaranta, hedimasta ya danne ta da kwalbar tawada. Shuɗiyar takardar nan ce ta jirgin sama, wadda ake ninkewa ta zama ambulan ɗin kanta. Na sa ta a aljihu na shiga aji, na koyar da lissafi har aka tashi.

Shekarata ta biyu ke nan ina koyarwa a elemantaren garinmu, tun ba a yi mulkin kai ba. Yaya, wanda nake bi, shi ma malamin makaranta ne, amma ya yi mini nisa, har an tura shi Ingila kwas na shekara guda. Mu uku Inna ta haifa: babbar yayarmu da ke aure a Doguwa, sai shi, sai ni.

Abin da ya kai ni Doguwa, Inna ce. Ta je suna gidan yayarmu, ta ce za ta zauna har a yi arba'in. Bazara ce mai zafi, sanƙarau ya shiga ƙauyukan wajen. Wani mutum ya zo a kan keke ya ce Inna ba lafiya, a zo. Baba ƙafa ta riga ta hana shi tafiya mai nisa, saboda haka ni na tafi. Na samu mota a Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, na kwana, washegari na bi motar masu haƙar kuza ta cikin dajin Falgore. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidan, maza zaune a jere. An binne ta jiya bayan la'asar. Ciwon kwana uku ne.

Na zauna a tabarmar tare da su. Ana miƙo hannu ina karɓa, ana addu'a ina shafawa. Yayarmu ta riƙe hannuna ta yi kuka har muryarta ta dishe, ni kuwa ina kallon wata kaza da ke tonon ƙasa a gindin rumbu. Na jira kukan ya zo mini, bai zo ba. Bayan sadakar uku na ɗauko ƙullin kayanta na juyo gida.

Sai da na yi sallar azahar sannan na buɗe wasiƙar. Rubutun Yaya ne ƙanana, ya cika takardar har gefe. Ya ce sanyi ya fara sauƙi, itatuwa sun soma toho, kuma nan da mako biyar za a ba su hutun mako guda. Shi da abokan karatunsa biyu, duka 'yan Arewa, sun yi shawarar su haye teku su zaga biranen Turai da jirgin ƙasa. Garuruwa huɗu ne a bakinsu: Faris, Jeneba, Milan da Rum. Ɗaya yana son ganin duwatsu masu ƙanƙara, ɗayan ya ce in ba a je Rum ba shi ba shi zuwa, sun yi ta gardama an rasa mai yankewa. Yaya ya ce musu yana da ƙane wanda tun yana yaro ba a raba shi da taswira, a bar masa. Ya kwafo mini lokutan tashin jirage da saukarsu a bayan takardar. Ya ce in tambayi Baba hukuncin kasaru a irin wannan tafiya. A ƙarshe ya ce in tambayi Inna abin da take so ya taho mata da shi.

Bayan la'asar na kai wa Baba a zaure. Masu gaisuwa sun ragu, ɗalibansa manya biyu ne kawai, da suka ga takarda a hannuna suka tashi. Na durƙusa na karanta masa tun daga farko har ƙarshe, ban tsallake komai ba. Ya daɗe yana jan carbi.

Ya tambaye ni yaushe ne jarrabawar su Yaya. Na ce farkon damina.

Ya ce, "Ba za a faɗa masa ba sai ya gama. Mutum shi kaɗai a ƙasar da ba mai zuwa yi masa gaisuwa. Amma kada ka rubuta masa ƙarya."

Na ce, "To, Baba."

Daga nan ya gyara zama ya shiga maganar kasaru kamar yana ba da karatu. Ya ce da zarar sun bar gine-ginen garin da suke zaune, sallar raka'a huɗu ta koma biyu. Tunda ba inda za su yi niyyar kwana huɗu, haka za su yi ta yi har su dawo. In jirgi yana gudu lokaci zai fita, su yi a zaune yadda ya sawwaƙa. Abinci kuwa su tsaya a kan kifi da ƙwai da burodi. Ina rubutawa a bayan littafin darasi, yana jira in gama layi sannan ya ci gaba.

Kwana shida na yi ina tsara hanyar nan. In an tashi daga makaranta sai in ɗauko babban littafin taswira daga kabad ɗin hedimasta, in zauna a ajin da ba kowa. Ina da zare da rula. In shimfiɗa zaren a kan layin dogo daga gari zuwa gari, in ɗaga in auna, in duba lokutan da Yaya ya kwafo. Ban taɓa ganin teku ba a lokacin, iyakata Kano da Zariya, amma na san ƙarfe nawa jirgin ruwa yake tashi da ƙarfe nawa zai isa gaɓar Faransa.

A gida ana ta shigowa gaisuwa, daga Kiru, daga Ɗansoshiya, dangin Inna da ban taɓa gani ba. Nakan zauna da su in amsa, hankalina kuwa yana kan yadda za a cusa gari huɗu cikin kwana bakwai. Wata gwaggonmu ta dube ni ta ce wa na kusa da ita yaron nan akwai tawakkali. Na ji ta. Ba tawakkali ba ne. Abinci ma haka nake cinsa, in an ajiye in ci, in ba a ajiye ba in manta.

Sau uku na rubuta ina yagewa. A ƙarshe na ga Milan ba za ta shiga ba, sai dai su gan ta daga tasha. Na ba su kwana biyu a Faris, ɗaya a Jeneba don mai son duwatsu, biyu a Rum, sauran su ƙare a cikin jirgi. Kowace rana na yi mata layinta: inda za su tashi, inda za su sauya jirgi, inda azahar za ta same su, da gefen da alƙibla take. Har na rubuta ya zauna ta hannun hagu in sun doshi kudu bayan azahar, don kada rana ta dame shi.

Maganar Inna ce ta rage. Na rubuta cewa mutanen gida suna gaishe shi, kuma kada ya wahalar da kansa da tsaraba. Na karanta wa Baba. Da na zo wurin ya sa na maimaita, sannan ya ce haka ya isa. Na ba masinjan hakimi wasiƙar ya tafi da ita Kano.

Bayan wata guda katuna suka fara zuwa, masu hoto a gaba, rubutu a baya. Na Faris da wata doguwar hasumiyar ƙarfe, na Jeneba da tafki, na Rum da wani tsohon gini zagayayye da ya rushe ta gefe ɗaya. Rubutun kaɗan ne, ba irin na Yaya ba. Sun iso lafiya, jirgi ya zo a kan lokaci, a gaida Baba, a gaida Inna. Na farko na karanta wa Baba na tsaya a kan sunansa. Ya miƙo hannu ya karɓa, ya juya katin, ko da yake ba ya karanta boko, ya ce akwai saura. Na karanta sauran. Daga ranar ban sake tsallakewa ba.

Da aka yi ruwan shuka Baba ya kira ni, ya ce lokaci ya yi. Shi ya faɗa ni na rubuta, layi biyar, da ranar da ta rasu da inda aka binne ta. Amsar Yaya ma ba ta fi haka ba.

Cikin marka ya dawo. Ya rame, ya yi fari. Ya gaida Baba, suka yi addu'a, ya shiga ɗakin Inna ya ɗan jima ya fito. Kwana biyu da zuwansa ya ce in raka shi Doguwa.

A Kwanar Dangora muka yi rabin wuni muna jiran mota, a rumfar wata mai sayar da dafaffiyar masara. Nan ya faɗa mini. Ya ce ana gobe za su tashi, yana haɗa kaya, wani Bakano da ya iso Ingila a makon ya shigo ɗakinsa. Mutumin yana da dangi a Kiru. Ya miƙa masa hannu ya ce Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Yaya ya ce amin. Mutumin ya ɗan zauna ya tafi, bai san shi ne ya kawo labarin ba. Yaya ya ƙarasa haɗa kayansa, bai gaya wa abokan tafiyarsa ba.

Na tambaye shi me ya sa bai fasa ba.

Ya ce, "Ban san me zan yi ba in na fasa. Takardarka ce a hannuna. Inda ka ce a sauka in sauka, inda ka ce a yi azahar in yi. Ban yi tunanin komai ba har muka dawo."

Na ce yaya Rum take. Ya ce akwai zafi. Ya ce abin da ya fi tunawa shi ne wani benci a tashar Jeneba, kore, ya zauna a kai wajen awa biyu abokansa sun tafi kallon tafki.

Katunan fa, na ce, da yake gaida Inna a ciki. Ya ce tunda Baba bai aiko masa ba, ya gane Baba yana so ne a ce bai sani ba, shi kuwa bai ga dalilin ƙwace masa wannan ba. Ya roƙe ni kada in faɗa. Ban faɗa ba har Baba ya bar duniya, shekara tara bayan nan. Ko ya gane da kansa, ban sani ba.

Motar ta zo da la'asar. A Tudun Wada aka ce rafi ya cika a gaba, muka yi kwana biyu a gidan wani abokin Baba kafin ruwa ya janye. Mun isa Doguwa da hantsi, dawa ta kai ƙirji. Mijin yayarmu ya kai mu maƙabarta. An binne mutane da yawa a bazarar nan, ruwa ya kwantar da ƙasar, ciyawa ta rufe ko'ina. Ya yi ta bin layi yana ture ciyawa da sanda, ya tsaya a gaban kaburbura uku da ke jere, ya ce tabbas ɗaya ne daga cikinsu, amma ba zai rantse a kan wanne ba.

Yaya ya cire takalmi ya tsuguna, ni ma na tsuguna. Muka yi wa na farko addu'a, muka matsa na biyu, sannan na uku. Da muka gama ya karɓi sandar ya sassare ciyawar da ke kansu duka. Muka koma gidan yayarmu, ta kawo mana fate, muka ci. Jaririn da aka yi wa suna ya fara zama, aka ɗora wa Yaya shi a cinya, ya riƙe shi har aka kira azahar.