Idon Hagu

Fatar idona ta hagu a sauke aka haife ni da ita, ta rufe rabin ƙwayar. Gado ne daga mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, wanda ya rasu ina goye. Ɗalibaina a Ƙafin Maiyaki Malam Gyangyaɗi suke ce mini a bayan ido, suna zaton ban sani ba. Idan kuma na ɗaga haɓa don in ga mutum da kyau, sai a ce girman kai ne. Abin ya ishe ni. Da hutun makaranta ya zo na shiga Kano, likita ya tsaga fatar ya ɗage ta ya ɗinke.

Jinyar ba ta da zafi sosai, sai gundura. Ƙanƙara a leda ina dannawa, barci a jingine, salla a zaune don an hana ni sunkuyawa. Ga baƙin tabarau kamar ɗan acaɓa.

Ina cikin wannan hali Iya ta zo daga Ba'awa da man shanu a ƙullin leda, wai a shafa. Iya kakata ce, ita ta haifi mahaifina, shi ne ɗanta na fari. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "yaron nan". An ce ko ranar da aka kai shi ba a ga hawayenta ba.

"Maigida, wa ka tsokana ya kumbura maka ido haka?"

"Ke kika ce na yi miki muni, Iya. Gyara na je."

Ta yi dariya, ta ajiye man, wanda ya ƙare a miya.

Da kumburin ya saɓe aka cire zare, na hau babur na je mata da ido biyu tas, ina jin kaina. Tun ina yaro in na je, a bakin ƙofar ɗakinta take zaunar da ni inda haske yake, tana ɓarar gyaɗa tana satar kallona. Ni duk zatona son jika ne kawai. Rannan ta dube ni sau ɗaya ta mai da kai kan farantinta.

"Ka yi kyau," in ji ta. Can kuma, a hankali: "Ina ka kai mini idon yaron nan?"

Ba ta da hotonsa ko ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na rasa wanda zan ji haushi.

Daga baya na lura, in na gaji liƙis fatar takan ɗan sauko. Likita ya ce ƙaramin aiki ne, in koma a ƙarasa. Na yi masa godiya, na ce a bar ta haka.

Yanzu ba na zuwa Ba'awa da safe. Sai na tashi daga makaranta, na biya gona, rana ta gasa ni, sannan in kama hanya bayan la'asar.

"Ka gaji, maigida."

"Na gaji, Iya."

"To matso nan inda haske yake. Kada ka yi saurin tashi."