Furen da Ba Ya Kai Azahar

Shekara talatin da ɗoriya Mai Agogo ya yi a wani ɗan shago mai faɗin tabarma biyu, da gilashin gyara maƙale a ido ɗaya, yana tsintar ƙusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba. Mutum ne mai tsantseni, kayan aikinsa ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba. Da waya ta zo ta kashe kasuwar agogo, bai yi ƙorafi ba. Ya rufe shago, ya koma bayan gida wajen wata shuka da wani direba ya taɓa kawo masa reshenta.

Banila ce, 'yar dangin furen okid, wadda ake sa ƙamshinta a kek da askirim. Shuka ce mai tsirfar tsiya. Ba ta son zafin rana, ba ta son duhu, ruwa ya yi yawa ta ruɓe. Saiwarta ma a iska take fitowa ta kama jikin itace. Mai Agogo ya jingina ta da mangwaro, ya lulluɓe gindinta da ɓawon kwakwa, in ta yi tsawo ya lanƙwaso ta ƙasa don kada ta fi ƙarfin hannu. Shekara huɗu yana wannan hidima, ganye kawai take ba shi.

"Malam, da kabewa ka shuka, da yanzu mun gaji da ci," in ji matarsa, wadda kitso ne sana'arta, baki kuma ba a bar ta a baya ba.

Shi dai murmushi yake yi.

A shekara ta biyar ta fitar da toho guda, mai fure shida. To, furen banila ɗaya-ɗaya yake buɗewa, guda kowace safiya, kafin azahar ya yi yaushi. A tsakiyarsa akwai wani ɗan murfi da sai an ɗaga shi da tsinke, an danna garin furen a kan ɓangarensa na mace, sannan ya yi ɗa. Aikin mai agogo ne sak. Sai dai a lokacin hannun Malam ya fara rawa, yana ta ɓoyewa.

Na farko ya yage shi. Na biyu da na uku suka zube, na huɗu ma haka. Safiya ta biyar ya tsaya gaban furen, tsinke na kaɗawa a yatsunsa. Saura biyu, kuma wa ya san ko zai ga wata shekarar da ido mai kyau.

Sai ga matarsa da tsinken kitsonta.

"Malam, tun ranar da ka fara riƙe kofin shayi da hannu biyu na gane. Nuna min wurin."

Ya dube ta. Sannan ya cire gilashin daga idonsa, ya goge da bakin riga, ya miƙa mata.

"A hankali, Hajiya. Ɗaga murfin. Yauwa, danna da babban yatsa. Kada ki matse, ba kan yarinya ba ne."

Washegari furen bai faɗo ba, ya bushe a jikin sandarsa, gindinsa ya fara kumbura. Na shida ma ya kama. Bayan wata tara suka tsinke 'ya'ya biyu masu kamar wake, suka tsoma a ruwan zafi, suka naɗe a bargo, suna shanyawa suna kwashewa har suka yi baƙi, ƙamshi ya cika ɗaki.

Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna yaba haƙurin Malam, kuma ya cancanta. Amma duk wanda ya yabe shi sai ya gyara masa zance: "Raino nawa ne, hannun nata ne." Gilashin kuwa bai sake karɓa ba, yana nan cikin gwangwanin kayan kitsonta.