Dawuda Mai Jera Duwatsun Teku

A Dudunni an san gidansu Dawuda da ginin rijiya tun kaka da kakanni. Mahaifinsa, Malam Sodangi, shi ake aika wa ya zo har Mawashi da Sukuntuni idan rijiya ta fara zaftarewa, ya ɗaure ta da marmara, dutse a kan dutse, ba siminti. Dawuda ya tashi da igiya a ƙugu, yana sauka yana karɓar duwatsu. Kafin ya yi aure, hannunsa ya riga ya san inda dutse zai zauna tun bai ajiye shi ba.

Sai zamani ya juya. Aka shigo da rijiyar kankare, burtsatse ta biyo baya, sana'ar ta yi ta ja da baya har ta kwanta. Wata shekara da gero bai yi kyau ba, Dawuda ya bar matarsa Rahamatu wurin iyayensa, ya hau motar wake zuwa Ikko da sunan cin rani. Ranin nan ya miƙe har 'yarsa ta fari ta isa aure, sai dai ya zo noma ko salla ya koma.

Gadi ya samu a wani kanti da ake sayar da kifin ado. Mai kantin wata Bayarabiya ce da kowa ke kira Madam, tana da 'yar Hausar da ta tsinta a kasuwa. Ranar da ya fara leƙawa ciki ya tsaya baki buɗe. Akwatunan gilashi ne jere cike da ruwan gishiri, kifaye na yawo, wani rawaya kamar an turmusa shi a garin ɗorawa, wani shuɗi kamar ya fito daga marina.

"To waɗannan soya su ake ko miya?" ya tambayi ma'aikatan. Suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Bai daɗe ba aka sauke wasu ganguna cike da ruwa, a ciki duwatsu masu ramuka, suna ƙarni. Aka ce masa ya yi a hankali, dutse mai rai ne, daga gindin teku aka ɗebo shi.

"Dutsen ne da rai?" in ji Dawuda. "Madam, ni a cikin duwatsu aka haife ni, ban taɓa jin wanda ya yi numfashi ba."

Ta ja shi gaban wani akwati ta ce ya yi shiru ya duba. Can sai ya ga wani abu kamar gashin tsuntsu ya leƙo daga rami ya buɗe, da inuwar hannunsa ta gifta ya shige. Ga wata ƙaguwa da ba ta kai ƙwayar wake ba. Ta gaya masa akwai wasu halittun da ido ba ya gani, su ke tsabtace ruwan, in dutsen ya bushe duk sun mutu. Dawuda ya daɗe yana faɗin subhanallahi.

Wata rana mai jera duwatsun ya kwanta rashin lafiya, ga aiki na jira. Dawuda ya ce a bar shi ya gwada. Ya naɗe hannun riga ya yi abin da ya gada: ya ɗaure duwatsun tsam, ko ɗan yatsa ba ya shiga tsakaninsu. Ya ja da baya yana jiran yabo.

Madam ta dafa kai. "Malam, katanga ka yi! Kifi zai shiga ina? Ruwa zai bi ina?"

Ya rushe, ya sake, ya kuma rushewa. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne barin fili, domin duk rayuwarsa toshe rami aka koya masa. A hankali ya gane. Manyan duwatsu su ake fara kafawa a kan gindin akwatin kafin a zuba yashi, don kada kifi mai tono ya ƙwaƙule ƙasansu gini ya faɗi. Ba a jingina dutse da gilashi, sai a bar wurin da hannu zai shiga ya goge. Gefen da ya yi launin shunayya shi ake juyawa wajen haske. Kuma kowane kogo a yi masa ƙofa biyu, saboda kifi ba ya sakin jiki a inda ba shi da hanyar gudu. Wata tsutsa mai ƙaya ta taɓa harbinsa, yatsa ya kumbura kamar rogo, daga nan ya yarda da safar hannu.

Aikin da ya fi tunawa shi ne na wani otal a bakin teku, akwatin da ya fi tsawon mutum a kwance. Ya yini yana juya duwatsu, ba abin da ya kwanta masa. Sai ya tuna wani tsohon soro a Kankiya da yake fakewa cikinsa ranar kasuwa, mai ɗaurin bakan gizo. Ya ɗora ginshiƙi nan, ginshiƙi can, ya lanƙwaso su har suka haɗu a sama, ya sa musu ɗan dutse guda ya kulle. Da aka saki kifayen, suka yi ta ratsawa ta ƙarƙashi kamar masu shiga gaisuwa. Baƙi na ɗaukar hoto, ba wanda ya san soron Kankiya yake ɗauka. Shi kuwa duk sanda ya je duba akwatin sai ya ji kamar ya leƙa gida.

Da Malam Sodangi ya rasu, gona da tsohuwarsa suka koma wuyansa, ya ce wa Madam zai tafi. Ta tambaye shi me yake so ya riƙe na tunawa. Ya ce dutse guda, ƙarami, mai gashin tsuntsun nan. Shekara da shekaru yana ba Rahamatu labari tana gyaɗa kai kawai, yana so ta gani da idonta.

Ya sa shi a bokiti da ruwan teku, ya rufe, ya rungume a cinya. Amma hanya da nisa, ga zafin bazara. Tun kafin Zariya bokitin ya fara wari, fasinjoji suna toshe hanci, wata tsohuwa ta ce ko mushe ya ɗauko. Da ya sauka a Kankiya ya buɗe, ruwan ya yi baƙi, ba abin da ke motsi.

Rahamatu ta leƙa ta ɗago. "Malam, shi ne wannan mai ran?"

"Shi ne. Da kin gan shi shekaranjiya."

Ta ga yadda fuskarsa ta yi, sai ta karɓi bokitin. Ta wanke dutsen, ta shanya har ya yi fari fat, ta ɗora shi a kan kabad tsakanin kwanukanta na aure. Duk matar da ta shigo ta tambaya, sai ta ce, "Daga cikin teku Malam ya kawo mani shi."

Yanzu Dawuda ya tsufa, wake da dawa yake nomawa, mutanen Dudunni kuma Na-Teku suke ce masa. An yi wani lokaci da Maharazu, ɗan ƙanensa da ke kiwon tarwaɗa a Kankiya, ya roƙe shi ya ƙawata masa kwamin kifinsa. Dawuda ya je da murna, ya yini yana jera marmara, har da kogo mai ƙofa biyu. Washegari tarwaɗun nan sun baje komai.

"Baba, ka ga abin da suka yi?"

Dawuda ya yi dariya har da hawaye. "Ƙyale su. Waɗannan abinci suka sani, ba ruwansu da kyan ɗaki."

Da damina, idan an ɗauke ruwa indararo na zuba a cikin randa, yakan ja tabarma bakin ƙofa ya zauna shiru. Rahamatu ta taɓa tambayarsa abin da yake saurare.

"Haka kantin yake da safe in na buɗe," ya ce. "Ko'ina ruwa na gudu, ba kowa sai ni da kifayen."

"Kana son komawa?"

Ya girgiza kai. "A'a. Na dai ji daɗi da Allah ya nuna mani."

Ta ajiye masa kwanon fura, ta zauna a gefen tabarmar, suka ci gaba da saurare tare har randar ta cika.