Agogon da Mama Ta Aike Ni Saye

Yayana ya faɗi ne a gonar citta, garma a hannu, ko kunyar da ya fara bai ƙarasa ba. Mutumin da mura ma sai ta yi sallama kafin ta kama shi. Kafin a samo mai babur ya kai shi asibiti a Kafanchan, magana ta ƙare. Likita ya ce zuciya ce. Na ce to.

Wannan "to" ɗin na yi ta ce wa mutane har aka yi biso. Ni fa emsi ne. Da safe ina ofis ina kaɗa ƙafa, ranar Asabar kuma ni ne mai riƙe makirfo a biki. In na fara magana, sai an kashe janareta ake samun lafiya. Amma ranar da aka miƙo mini makirfo a bakin kabari, na riƙe shi kamar an ba ni ajiyar gasasshiyar masara, na ce mun gode da zuwanku, na mayar. Ban yi kuka ba. Ba jarumta ba ce, na neme shi ne ban samu ba.

Mama kuma ta daina cin abinci. Gidanmu yana ƙauye, a gindin dutsen Kagoro, kuma matan zumunta na cocinmu sun cika shi da kula har kaza ba ta samun wajen ajiye ƙafa. Tuwon acca, faten doya, shinkafa, komai ya zo. Sun yi mata waƙa, sun yi addu'a, sun yi lallashi, ɗaya ma ta yi faɗa. Mama sai ta kurɓi kunu kaɗan ta ture kofin. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Yaya, kusa da garmarsa da aka jingine a bango. A wajenmu ba a taɓa kayan aikin mamaci sai dattawa sun zauna sun yi rabon kaya, don haka garmar tana nan yadda aka dawo da ita daga gona, da jar ƙasa a bakinta.

Duk sanda na wuce, sai Mama ta cafke wuyan hannuna, ta danna babban yatsa a kan jijiya tana neman bugun zuciya, ta rufe ido. Ta rame har zobenta yana yawo, amma riƙon nata kamar na ɗan sanda.

"Mama, yana nan. Ban sayar ba."

"Na Yayanka ma yana nan da safe," in ji ta.

Ƙanwata, wadda take aikin nas a Abuja, ita ta jawo mini wannan aiki. A waya ta gaya wa Mama wai akwai agogon da yake kallon zuciyar mutum yana ba da rahoto. Mama ta ajiye wayar ta dube ni.

"Ka je ka sayo. Ranar da na ga zuciyarka da idona, zan ci tuwo."

"Ai sai dai a kira mahauci ya feɗe ni."

Ba ta yi dariya ba. Ni ma ban yi ba. Bakin ne kawai yake aikinsa, kamar fanka bayan an ɗauke wuta.

Washegari na shiga bas zuwa Kafanchan. Akwai wani abokina mai shagon waya a bakin kasuwa, tare muka sha bulala a firamaren mishan, shi saboda lissafi, ni saboda surutu. Na same shi yana shan rake, ɓawo ya taru a gabansa kamar an yi sharar gona.

"Emsi, yaya haƙuri? Ubangiji ya ta'azantar."

"Amin. Agogo nake so, mai gulmar zuciya."

Ya goge hannu a wando ya fara fito da kwalaye. Na farko ya ɗauko shi da hannu biyu kamar tiren jibin Ubangiji a coci. Wai na Amurka ne.

"Wace waya kake riƙewa?"

Na nuna masa. Fuskarta ta tsage kamar taswirar ƙaramar hukuma.

"Mayar aljihu kar ya gani. Wannan ba ya magana da kowace waya sai 'yar gidansu."

"Agogo ma da ƙabilanci?"

"Kai dai bari. Kuma kullum sai ya sha caji."

"A ƙauyenmu? Inda wuta take zuwa kamar ɗan majalisa, sai kusa da zaɓe?"

Ya mayar da shi. Ya kawo wani siriri, baƙi, kamar robar da 'yan mata suke ɗaure gashi. Ya ce wannan caji ɗaya sai ka manta inda ka ajiye cajar. Yana ƙirga tafiya, yana ƙirga barci, in ka zauna da yawa ya ce ka tashi.

"Ina da mata a gida, tana yin wannan kyauta."

Na ɗaura shi duk da haka. Rubutun kamar sawun tururuwa. Mama da take neman lambar waƙa a littafi sai ta miƙe hannu har ƙofar coci, me za ta gani a nan? Na cire.

Na uku mai zagayen fuska ne, na Koriya, ba kwalliya, ba hayaniya. Abokina ya ce in zauna, in ɗora hannu a kan kantar shagon, in sa yatsa a gefensa, kar in yi magana. Ya ce wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne zai fi mini wuya. Na yi shiru. Wani layi ya fara tafiya a fuskar agogon yana hawa yana sauka. Can sai ya girgiza mini hannu, zzz, ya rubuta Turanci. Turancin ladabi, irin na takardar sallama daga aiki. Wai bugun zuciyata ba ya tafiya a tsari, zai yi kyau in ga likita.

Abokina ya daina tauna. Ya karɓa ya ɗaura a nasa hannun. Agogo ya ce lafiya lau. Ya sake ɗaura mini, ya matse igiyar. Zzz. Maganar ɗaya ce.

"Wataƙila sanyin hanya ne," in ji shi.

"Wataƙila."

Ina jira in ji tsoro. Na ma ba shi wuri, na gyara zama. Bai zo ba. A waje wata akuya tana cin kwalin taliya, na bi ta da ido har ta cinye rubutun.

"Wannan sunansa Fasto," na ce. "Ka zo gaisuwa, ya gaya maka zunubinka. Ba wani?"

Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya fito da wani mai faɗin fuska kamar talabijin. Kwalinsa ba sunan kamfani, ba ƙasa, ba uba. Amma alkawari, ba a magana. Yana auna hawan jini, yana auna suga, yana auna iskar jiki, in ka matsa masa da kyau zai gaya maka wanda ya yi maka asiri. Na ɗaura. Na danna maɓallin gefe. Wata jar zuciya ta cika fuskar, ƙatuwa kamar tumatir, tana buɗewa tana rufewa. A ƙasa komai kore. Wai ni ne na fi kowa lafiya daga nan har Samaru Kataf.

Ni ba yau na fara zuwa kasuwa ba. Na ce ya miƙo mini rakensa. Na ɗaura wa raken agogo, na danna. Jar zuciya ta fito, fat, fat, fat. Komai kore.

"Raken nan ya fi ni lafiya."

"Ai ba ya shan burkutu."

"Wannan kuma Honorebul ne. Kowa ya zo, ya gaya masa abin da yake so ya ji."

Na jera su biyu a kan kanta. Mutane suka shigo sayen kati suka fita, ina tsaye. Idan na kai Fasto gida, zai girgiza a gaban Mama, kuma Mama ba ta jin Turanci amma tana jin fuska. Za ta kalle ni ta gane, kunun ma ta daina. Idan na kai Honorebul, za ta ga tumatir yana rawa, ta wanke hannu ta ci tuwo.

"Emsi," abokina ya ce, "ni mai sayarwa ne, duk wanda ka ɗauka na ci. Amma ka ɗauki Fasto."

"Ba ni nake saye ba. Aike ne."

Ya naɗe mini Honorebul a leda. Ya ce in kiyaye shi da ruwa, wai ko gumi ba ya so, ko labarin damina aka yi kusa da shi sai ya mutu.

Da na isa gida na tsuguna a gaban tabarma, na miƙa hannu kamar ango. Na koya mata inda ake dannawa. Ta danna. Zuciya ta fito. Matan zumunta biyu da suke tsince wake suka matso suna cewa mun gode wa Ubangiji, Bature ba dama. Mama ta daɗe tana kallo. Sai ta kamo ɗaya hannun nawa, ta danna yatsanta a inda ta saba. Ido a kan agogo, yatsa a kan jijiya.

"Yana tafiya daidai?"

"Kamar jirgin ƙasa, Mama, zamanin da jirgi yake jirgi. A kawo tuwo?"

"Gobe," in ji ta.

Gobe ta yi, da rana tsaka, na ɗebi ruwa zan yi wanka. Na tuna Honorebul ba ya son ruwa. Na cire shi ina neman ƙusa a bango, babu. Abin da yake kusa shi ne ƙotar garma. Ni da aka haifa a gidan nan, na san dokar kayan mamaci tun ban san wando ba, amma kaina a lokacin kamar an cika shi da auduga. Na ɗaure agogon a ƙotar na wuce bayan gida.

Na fito da tawul a wuya, na tarar Mama ta ja tabarmarta har gindin garmar. Ta riga ta danna. Jar zuciyar tana buɗewa tana rufewa a jikin itacen, daidai inda hannun Yaya ya goge shi ya yi santsi. Fuskar ta mutu, ta sake dannawa.

Na tsaya, ruwa yana ɗiga daga kunnena.

"Garmar Yayanka tana da rai," ta ce. Ba ta juyo ba.

"Ai Yaya bai taɓa ba ta hutu ba, shi ya sa har yanzu tana haki."

Ta danna kuma. Na kai hannu zan kwance, kafin wani dattijo ya shigo ya ci ni tarar akuya. Ta buge mini hannu.

"Bar shi. Wannan nawa ne."

"Mama, ba ya..."

"Na sani. Na haifi yara, na binne biyu. Jiya yatsana yana cewa wani abu, shi yana cewa wani abu." Sai a lokacin ta dube ni. "Ka koma. Ka sayo wanda in an ɗaura wa garma, zai yi shiru."

Ku rubuta wannan a tarihi, emsi ya rasa magana sau biyu a wata ɗaya.

Da na koma shagon, abokina bai tambaye ni komai ba. Ya ajiye Fasto a gefe tun ranar, ko cikin kwali bai mayar ba. Ya ce kawai in wuce asibiti tukuna tunda ina cikin gari. Na ce sai na kai aike. Asibitin na je daga baya, aka manna mini wayoyi a ƙirji kamar za a yi cajina, aka ba ni ƙwayoyi, aka hana ni duk abin da yake da daɗi a duniya. Wannan wani labari ne.

Ranar da na kai Fasto, Mama da kanta ta karɓa. Ta ɗaura shi a ƙotar garma, ƙasa da Honorebul. Muka jira. Ya ɗan yi tunani, ya rubuta cewa bai ga hannu ba. Na fassara mata. Ta gyaɗa kai. Ta kwance ta ɗaura mini, ta kama yatsana ta ɗora a gefensa kamar yadda na nuna mata, nata yatsan kuma a ɗaya hannun. Layin ya hau ya sauka, ya yi tuntuɓe, ya ci gaba. Zzz.

"Me ya ce?"

Na buɗe baki. Ina da amsoshi kusan bakwai, duk masu kyau.

"Ya ce ba ya tafiya daidai. Wai in ga likita."

Ta riƙe hannuna har girgizar ta tsaya.

"Haka ni ma na ji," ta ce. "Wannan ne naka."

Ta kira ɗaya daga cikin matan zumunta ta ce a ɗumama tuwon acca, a sa miyar karkashi, kar a cika kanwa. Ta ci a hankali, loma ƙanana, tana fuskantar garmar. In ta haɗiye, sai ta miƙa hannun hagu, wanda ba miya, ta danna Honorebul. Ni ina zaune a kan turmi ina kallonta. Da ta kusa cinye malmalar ta tambaye ni a ina ake yi wa Honorebul caji, na ce wajen mai aski, yana da janareta. Ta ce to in kai shi kafin ya rufe shago, kuma in dawo da shi yau.